Waƙar Dakan Iya Sailuba

Suhail ɗinkin hula yake yi a wata 'yar rumfa a Limancin Kona. Tunda ya gano shirin hira da ake saurare a waya, fodkas ɗin da wata Rosaline 'yar Wusasa take yi, iyafis bai ƙara barin kunnensa ba. Yau ta zauna da tsohuwar ungozoma, gobe da makaɗin garaya, wani lokacin da mawaƙin da samari ke ji da shi. Shi dai allura tana tafiya, yana murmushi shi kaɗai. Hirar tsofaffin matan ta fi kwanta masa a rai, amma duk wadda ta buɗe baki sai ya ce a ransa, ai Iya ta fi ta.

Iya Sailuba kakarsa ce, a hannunta ya tashi. Tana da wata waƙa da yake jiyo amonta daga zaure tun yana ƙarami, bai dai taɓa kama kalmominta ba. Burinsa a ɗauki waƙar nan a sa a shirin kafin tsufa ya cinye muryar. Ya tura wa Rosaline saƙon murya ba tare da ya sa rai ba, sai ga amsa wai tana tafe ranar Asabar.

Ran nan ya share tsakar gida, ya aro kujerun roba, ya mirgina turmi bayan ɗaki don kada baƙi su raina su. Geron furar Iya ma ya kwashe ya kai inji, kada aiki ya raba mata hankali. Ya lallaɓa ta ta sa leshinta na biki.

Rosaline ta iso da hantsi, aka gaisa, ta kunna makirfo.

"Iya, yaya zaman cikin birni yake a zamaninku?"

"Alhamdu lillahi."

"To yanzu fa?"

"Sai godiya."

Iya ta haɗe hannuwa a cinya tana kallon makirfon kamar allurar likita. Suhail ya fara gumi. Matar da take cika gida da magana tun asuba, yau me ya same ta? Ko leshin ne ya matse ta? Ko baƙuwar ce ba ta yi mata ba?

Ya durƙusa kusa da ita. "Iya, waƙar nan fa."

"Wace waƙa?"

"Wadda kike yi mana."

"Kai, ɗan nan, ka taɓa ganin na hau kujera na yi zaman amarya ina waƙa? Ina gerona?"

"Na kai inji."

"Ka kai inji. To tashi ka je ka ce wa injin ya rera maka."

Rosaline ta tuntsire da dariya. "Waƙar daka ce ke nan, Iya?"

"Ka ji mai hankali."

Kafin Suhail ya gane inda aka dosa, Rosaline ta ɗaure gyale a ƙugu, an jawo turmi, an leƙa maƙwabta aron gero. Ramatu mai geron ta shigo da taɓaryarta. Iya ta yar da ɗankwalin leshi ta ɗaura tsohon kallabinta. Suhail ya ɗauki makirfo ya matso, ransa fari.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi a kan turmi? Fita zaure."

"Iya, ni fa na kawo ta."

"Ka kyauta. Fita."

Aka kife ƙwarya aka ɗora makirfon a kai. Shi kuwa ya koma zaure ya zauna. Lugude ya kankama, muryar Iya ta tashi garau, Ramatu tana amshi. Can sai guɗa, sai shewa, sai wata dariya da ta tsayar da dakan gaba ɗaya. Ya kasa kunne. Kamar ya ji sunansa, kamar kuma ba sunansa ba ne.

Da Rosaline ta fito, hawayen dariya take sharewa.

"Malam Suhail, ban taɓa ɗaukar irin wannan ba. Sai dai Iya ta kafa sharaɗi. Kowa ya ji, ban da kai."

"Kowa? Har mutanen Legas?"

"Har na ƙasar waje."

"To ni me na yi?"

Daga ciki Iya ta ɗaga murya. "Su ai ba jikokina ba ne!"

Ranar da shirin ya fito, Ya'u, abokin zamansa a rumfa, ya riga shi gani. Ya toshe kunnuwa da iyafis, kafaɗunsa suna rawa, yana satar kallon Suhail.

"Ya'u, don Allah me ta ce?"

"Wallahi ba da bakina ba."

"Zagina ta yi?"

"A'a."

"To yabo ne?"

Ya'u ya kife kai a gwiwa yana dariya.

Suhail ya ciro wayarsa. Ga sunan Iya nan ɓaro-ɓaro, ga mutane suna ta sa mata albarka a ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da wayar aljihu ya ɗauki hula. Sai da ya yi nisa ya lura ashe da baƙin zare yake ta bi inda ya kamata ya sa kore, ya zauna yana warwarewa a hankali.