Faifan Ya Daina Ci

Auta mai gyaran famfo ne, kuma in dai maganar bututu ce babu mai ja da shi. Sai dai yana da wata cuta: duk injin da ya ga wani ya riƙe, sai ya ɗauka shi ma ya iya. Da wannan cutar ya aro injin yankan dutse, ya girke shi a tsakar gidan yayarsa, ya naɗe hannun riga.

Dutsen kuwa ba na kasuwa ba ne. Baƙi ne mai faɗi da sheƙi, marigayi babansu ya goge shi da hannunsa tun yana da shagon yankan dutse, ya kafa wa mahaifiyarsu a kicin. A kansa Mama ta yanka duk abin da suka ci har suka girma. Da ciwo ya karɓe ƙafafunta ta koma keken guragu, aka dawo da ita gidan Yaya, ba ta nemi gado ko kabad ba, dutsen kawai ta ce a ɗauko. Kicin ɗin Yaya ƙarami ne, dole a rage tsawon dutsen, a kafa shi ƙasa-ƙasa yadda keken zai shige. Tunda Mama ta zo ba ta taɓa wuƙa ba, bango kawai take kallo. In dutsen nan ya tsage, babu wani a duniya.

Yaya ta ce masa ya jira ta dawo da Mama daga asibiti. Shi kuma ya so su tarar an gama aiki.

Da farko faifan injin, mai yin yankan, ya shiga dutsen lafiya lau, har Auta ya fara fito. Bai yi nisa ba ƙarar ta canza, ta koma wani kuka mai shiga kunne. Tartsatsi ya fara tashi, faifan yana juyawa amma ba ya gaba. Auta ya yi abin da duk mai gaggawa ke yi, ya danna da ƙarfi, ya ɗora masa kafaɗa. Warin ƙuna ya cika gidan.

Sai injin ya mutu a hannunsa. Ya waiga ya ga Yaya tsaye riƙe da wayar injin da ta zare daga bango, Mama kuma tana kan kekenta a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji Yaya.

"Faifan ne ya mutu, Yaya. Jabu aka ba ni."

Yaya ta ajiye wayar. Ita ce babba, kuma a shagon Baba ta tashi, ta riƙe masa injin shekara da shekaru kafin ta koma sayar da tayil. Ta durƙusa ta shafa dutsen kusa da yankan, ta janye hannu da sauri saboda zafi. Ta kara ido tana bin layin a hankali, Auta kuma ya kasa kallon Mama.

"Bai tsage ba," ta ce daga ƙarshe. "Amma saura ƙiris."

Da faifan ya huce ta kama yatsan Auta ta goga a bakin faifan. Sumul yake kamar bayan cokali.

"Ka ji? Ƙwayoyin lu'ulu'u ne a binne cikin ƙarfen nan, su ke yin yankan. Sai ƙarfen ya riƙa cinyewa sababbi ke leƙowa. Wannan dutsen tauri gare shi, ba ya cin ƙarfe, goge shi yake yi. Na sama sun dakushe, na ƙasa ba su samu hanyar fita ba. Kai kuma kana ta danna shi."

"To a sayo sabo?"

"Ɗauko mini wancan fasasshen bulon."

Auta ya ɗauka zolaya ce. Bulon siminti ne da suke tokare ƙofa da shi. Ta ɗora shi, ta kunna injin, ta zura faifan ciki ta fitar, ta sake, har gefen bulon ya tsattsage. Yashin simintin ya kankare ƙarfen. Da ta sake ɗora yatsansa, ya ji bakin ya yi kaushi yana kama fata.

"Ga shi ya farka. Saura ruwa." Ta ɗaga tiyon da ke sanyaya faifan, yana ɗiga da ƙyar. "Mai gyaran famfo guda, ruwanka kamar hawaye? Kar abokan aikinka su ji."

A nan dai Auta ya samu abin da ya iya. Ya kwance bakin tiyon, ya busa, ya fitar da laka, ruwa ya zubo sosai.

Yaya ba ta koma kan yankan ba tukuna. Ta zagaya ɗaya ƙarshen ta ɗan tsaga shi, don kada dutsen ya ɓalle a wurin fita, ta sa Auta ya tallafe gutsuren da za a cire. Sannan ta kama injin da hannu biyu, a sake, ba dannawa. Ta karkata kai tana sauraro. In ƙarar ta yi nauyi sai ta sassauta, in ta washe sai ta bi ta. Ruwa mai toka ya jiƙa mata zane, ko a jikinta.

Auta yana kallonta ta cikin feshin ruwan, kunya da alfahari suka cika shi. Duk rayuwarsa ya san ta da faɗa da aike, bai taɓa tsayawa ya ga hannunta a kan aiki ba. Wallahi abin ya burge shi.

Gutsuren ya sauka a tafin hannunsa a hankali. Bakin yankan ya fito santal, babu ko ɓantarewa.

Kafin yamma sun kafa dutsen a kicin, sun goge shi. Yaya ta turo keken, gwiwoyin Mama suka shige ƙarƙashi daidai. Mama ta shimfiɗa tafukanta a kan dutsen, ta shafa shi a hankali. Sai ta ɗago.

"Auta, miƙo mini albasa da wuƙa. Ke kuma matsa, kin tare mini haske."