Gadar Yaya

Allon kwamfutar ya sake yin ja. Dogo ya buga teburi har shayinsa ya fantsama a kan takardu.

"Ta ƙi kuma! Wallahi wannan tsohuwa ta fi kakata taurin kai."

Tsohuwar da yake nufi ita ce kompaila, wato manhajar da ke karɓar rubutun magina manhaja ta juya shi ya zama abin da kwamfuta ke iya aiki da shi. Iri uku suke gwadawa tun safe: tsohuwa, wadda ke kan kwamfutocin ƙananan asibitoci da suka sha jiki, sai ta tsakiya, sai sabuwa fil. Sabuwar kaɗai ke ba su kore a allo, alamar ta karɓi rubutun. In suka lallashi tsohuwa, ta tsakiya ta yi fushi. In suka gyara wa ta tsakiya, tsohuwa ta zubo kurakurai har allo ya cika. Ga shi gobe aka yi wa jama'a alkawarin sabon zubi na manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, wadda ake bayarwa kyauta, rubutunta a buɗe ga duk mai son karantawa ko ƙarawa.

Malama tana zaune kusa da taga, hannuwanta a kan cinya. Ta san inda ciwon yake, kuma ba ta da niyyar faɗa.

Yayanta, Allah ya jiƙansa, shi da amininsa suka kafa wannan aiki. A tsarin aikin, kowane layi na rubutu yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe, a gefe, kowa yana gani. Yaya ya rubuta wani fayil da ya kira gada, wanda ke sasanta kompailoli masu saɓani da juna, sunansa a jere daga sama har ƙasa. Da Allah ya karɓi abinsa, aminin ya zama shugaba. Masu ta'aziyya ba su gama ɗauke ƙafa ba ya goge gadar gaba ɗaya, ya rubuta dalili a inda magina na ƙasashe da dama ke karantawa: "An kwashe tarkacen da ba wanda ya san amfaninsa."

Malama ta karanta wannan jimla sau ɗaya, ta haddace ta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta bar aiki ba. Ta dai zauna tana jiran ranar da za a nemi tarkace.

Shugaba ya taso daga kujerarsa, rigarsa ta jiƙe da gumi duk da fanka na juyawa. Ya tsaya a gabanta.

"Ƙanwata."

"A ofis Malama nake, Shugaba."

Ya gyara tsayuwa. "To, Malama. Ke kika zauna da marigayi kina kallon hannunsa. Ki rubuta mana wani ɗan abu da zai toshe wannan ɓaraka, mu fita kunya."

"Me zai sa in rubuta sabo? Wanda aka goge yana nan a tarihin aiki. Wanda ya kwashe shara shi ya san bolar da ya zuba ta."

Dogo ya sunkuyar da kai yana goge shayin da ya riga ya bushe.

"Me kike so?" in ji Shugaba.

"Ka dawo da gadar da hannunka. Kuma ka rubuta a inda ka rubuta wancan, cewa ba tarkace ba ce, kai ne ba ka san amfaninta ba."

"Duniya fa ke karantawa."

"Ai duniyar ce ta karanta na farkon."

Ya juya ya koma wurinsa. Ta ji ƙarar maɓallan kwamfutarsa, da sauri, da fushi. Allon ya yi ja, ya sake yin ja.

Da lokacin azahar ya yi, ta shiga ɗan ɗakin da suke salla ta shimfiɗa darduma. Bayan ta sallame ta daɗe a zaune. Ba jahila ba ce. Ta san nauyin ɓoye ilimi ga mai buƙatarsa, ta san akwai ma'aikatan jinya a wasu lunguna da ke jiran wannan zubi, waɗanda ba su san Yaya ba balle su ci mutuncinsa. Ta nemi gafarar Ubangiji da zuciya ɗaya. Amma da ta lalubi zuciyar, sai ta tarar da fushin yana nan daram, ko gezau bai yi ba. Ta naɗe darduma ta fito da abinta.

Sai bayan la'asar Shugaba ya karaya. Aka yi ta kiransa a waya yana kashewa. Ya kira Malama da hannu, ta zo ta tsaya a bayan kujerarsa. A gabanta ya tono gadar daga tarihi ya mayar da ita mazauninta. Sunan Yaya ya cika gefen allo kamar yadda yake a da. Malama ta kama bayan kujerar da ƙarfi.

Ya rubuta dalili: "An dawo da wani tsohon fayil."

"Ba haka muka yi ba."

Ya goge. Ya rubuta abin da ta ce, kalma bayan kalma. Ta sa ya karanta a bayyane kafin ya aika. Daɗin da ta ji a lokacin, ba za ta so a tambaye ta game da shi ranar hisabi ba.

Dogo ya saki gwaji. Tsohuwa ta yi kore.

"Kaka ta haƙura!" ya ce, yana tafi.

Ta tsakiya ma ta yi kore. Sai sabuwa ta tsaya, ta tsaya, ta watso ja.

Malama ta ture Dogo gefe ta duƙa tana karanta kurakuran. Duk daga cikin gadar suke. Yaya ya yi rubutunsa ne da wani salo da sabuwar kompaila ta haramta dab da rasuwarsa, kuma salon yana kusan kowane layi.

"Abin da na tarar ke nan a wancan lokacin," in ji Shugaba a hankali. "Manyan asibitoci sun koma sabuwa, gadar ta ƙi ginuwa, ni kuma na kasa gane kanta." Ya ja kujerarsa baya. "Ba zan sake taɓa ta ba. Ke kaɗai kika san hannunsa."

Ita ba ta taɓa buɗe fayil ɗin ba tun rasuwar. Zuciyarta ba ta iya ba.

Ta zauna. Ta yi bisimilla, ta gyara layin farko. Sunan Yaya ya ɓace daga gefensa, nata ya hau. Ta gyara na biyu. Tana sauka layi bayan layi, sunan yana janyewa a gabanta, har bai rage ba sai a kan 'yan layukan da babu komai a cikinsu.

Kafin magariba duka ukun suka yi kore. Dogo ya buɗe baki zai yi ihu, ya dubi fuskarta, ya rufe.

Saura dalili. Ta daɗe tana kallon gurbin, Shugaba yana tsaye a inda ta tsaya masa ɗazu. Sannan ta rubuta: "An gyara gadar da marigayi ya gina, domin sabuwar kompaila. Ginin nasa ne. Allah ya jiƙansa."

Ta share idonta da gefen mayafi, ta juya allon ya fuskance shi.

"Karanta," ta ce. "Haka ake rubutawa."