Baƙin Littafi na Biyu

Ga wata nan ta iso gare ku.
Ta shigo mu ji ta.

Akwai wata mai buga takardu a kwamfuta, shagonta a ƙarƙashin bene. Ita ta buga wa wani tsohon malamin kimiyya littafinsa na farko, labarin baƙi daga wata duniya. Baƙin nan masu kunya ne, bayin Allah. Jirginsu ya sauka a filin ƙwallo, suka yi ta tambayar mutane dalilin kuka, suka koma. Tana bugawa tana dariya.

Bayan shekara shida sai ga shi da na biyu, babi ɗaya duk Litinin. Ta ce masa wannan ya fi kama rai, amma ina jirgin? Ya ce waɗannan ba ruwansu da jirgi.

A cikin gida suke. Su ɗauke wa wani tsoho da ke cikin labarin tabarau su sa a firiji, su juya masa kwalaben magani. A babi na bakwai ɗayarsu ta ari fuskar 'yarsa, tana miƙa masa shayi da hannu mai tabon ƙuna.

Nan mai bugawa ta dakata da bugu. Ta san hannun. Na 'yar malamin ne, shi ke buɗe masa ƙofar mota duk Litinin.

A babi na tara tsohon da ke cikin labarin ya sayi kwaɗo, yana jiran baƙuwar ta yi barcin rana ya buɗe tukunyar gas ya kulle ta a ɗaki. Da malamin ya buɗe jakarsa, sai ga kwaɗo sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba.

Mai bugawa ta ce, "Baba, ƙarshen fa?"

"Sai na gani da idona, 'yata. Gobe."

Ta ce masa injin ya cije takarda, ya ɗan zauna. Ta zaga bayan shago ta kira 'yar a waya.

'Yar ta fitar da tukunyar gas ran nan, ta kai mahaifinta wurin likita, tana nan tana jinyarsa. Malamin bai sake amsa gaisuwar mai bugawa ba, ya ce ita ma baƙin sun are ta. Littafin yana cikin durowarta, babi tara.