Buhunan Gishiri a Tsohon Sito

"Nan ne! Daidai nan na sauke jirgin gishiri ni kaɗai, ana tafka ruwa," in ji tsoho Pan-sik, yana caka sandarsa a dakalin tashar jiragen Mokpo.

"Bara ka ce ku uku ne, Kaka," in ji jikarsa Da-som, idonta na kan waya.

"Biyun kallo ya kawo su."

Ɗansa Yong-gil ko murmushi bai yi ba. Tun safe yake kewaye-kewaye, kuma Pan-sik ya san inda aka dosa: wai ƙafafunsa sun gaji, wai zamansa shi kaɗai a gidansa na kan tudu ya isa haka, an samo masa ɗaki a gidan tsofaffi. Yawon nan da miyar ƙaguwar da aka saya masa duk lallami ne. Shi da yaƙi bai ci ba, yunwa ta gwada ta haƙura, bai taɓa leƙa aji ba amma da gadon bayansa ya kai wannan ƙaton jami'a, shi za a riƙa ba abinci a baki?

Suka shiga tsohon siton da aka mayar gidan tarihi. Inda a da warin kifi da zufa ke korar mutum, yanzu sai ƙamshin kofi. A kusurwa an jingine jige, katakon da 'yan dako ke goya kaya da shi, da buhunan gishiri uku a ɗaure, baƙi suna ta hoto.

Pan-sik ya tsaya cak. "Kai, Yong-gil. Ka ce ba ni da ƙafa. In na tashi da wannan, ka bar ni a gidana. Ka yarda?"

"Haba Baba, mutane na kallo."

"Su kalla, kyauta ne. Ka yarda?"

"To, na ji."

Surukarsa Hye-ran ta nuna wani allo a bango. "Baba, tsaya, an rubuta cewa…"

"Wanda ya rubuta ya taɓa dako? Matsa min, 'yar nan."

Ya tofa yawu a tafin hannu. Ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya zura kafaɗu cikin igiyoyin, ya kafa sanda, ya ja numfashi har ciki. Gishiri ba a lallaɓa shi. Da yunƙuri ɗaya ake raba shi da ƙasa, ko ya karya ka. Ya yunƙura da dukan abin da ya rage masa.

Ashe soso ne a buhunan. Ƙarfinsa bai sami abin da zai tare shi ba, ya kwashe shi ya kifa da goshi a siminti. Wani ya fara dariya ya haɗiye. Da-som ta ɗauke buhun da ya faɗo masa a wuya, da yatsu biyu.

"Ƙarya suka cusa a ciki!" Pan-sik na haki, jini na bin girarsa. "Da gishiri ne, da kun ga aiki! A kawo na gaske!"

"Na sani, Baba. Na sani," in ji Yong-gil, yana goge masa goshi, da muryar da ake rarrashin yaye.

Sannan ya juya wajen matarsa, ya yi ƙasa da murya. "Kira gidan tsofaffin. Ki ce ran Litinin."

Pan-sik ya ji sarai. Kunnensa ƙalau yake, sai dai wannan ba wanda ya tambaya.