Tallan Humra a Gidan Takaba

Sadiƙa ba ta iya ganin sakaci ta yi shiru. Tana gama jami'a ta dawo unguwarsu Pantami, ta tarar goggonta Ya Falmata, mai haɗa turaren wuta da humra, tana cinye rabin yini a waya, gaisuwa ta fi ciniki yawa.

"Goggo, kwalba ɗaya sai kin tambayi lafiyar kajin gida? Shi ya sa ba ma ci gaba!"

"Ke da bakinki kamar reza. To, gyara mu gani."

Ta kuwa gyara. Ta ɗora manhajar AI mai amsa saƙonni a kan lambar goggon, ta koya mata sunayen turaruka da irin zolayar tsohuwar, har da "'yar gari" da suke kiran juna ita da waɗanda suka fito Borno tare. Doka ɗaya ta kafa mata: kada kowa ta yi sallama ba a tallata mata wani abu ba.

Oda ta yi ta shigowa daga unguwar Madaki har ta Barunde. Da fari Sadiƙa na bin hirarrakin kullum. Da abu ya kankama sai ta koma duba oda kaɗai, sauran ta bar wa manhaja. Ita ma Ya Falmata ta miƙe ƙafa, ta daina taɓa wayar.

A wajen wani suna suka ji cewa Ba'ana ya rasu tun watan jiya a asibitin Maiduguri. Shi ne mijin Yakura, aminiyar Ya Falmata, wadda suka gudo a mota ɗaya lokacin tashin hankali. Sadiƙa ta miƙe. Ta koma gefe ta buɗe wayar.

Saƙon yana nan. "Falmata, Ba'ana ya riga mu gidan gaskiya. Na dawo Barunde, na shiga takaba."

Amsar ma tana nan. "Allah ya jiƙansa, 'yar gari. Akwai sabuwar humra mai sanyaya rai, kwalba nawa zan aiko?" A ƙasa kuma tunin da ke fita kowane mako: "'Yar gari, maigida bai yi kewar ƙamshi ba?"

Duk wannan ga mai takaba, wadda ko turare ba ya halatta ya taɓa jikinta.

Washegari suka tafi Barunde. Suka sami Yakura a kan tabarma da carbi a hannu. Ta amsa ta'aziyya a gajarce. Sadiƙa ta durƙusa.

"Baba, Goggo ba ta ga saƙonki ba. Na'ura ce ta amsa, ni na haɗa ta."

"Na sani, 'yata. An bayyana mini." Ta juya ga aminiyarta. "Da ke kika rubuta, Falmata, da na zo na zage ki mun shirya. Ashe duk watannin nan da nake gaishe ki, ba kowa a gidan."

Yakura ta koma kan carbinta.

"Na gode da zuwa, Hajiya. A sauka lafiya."

Hajiya. Ba 'yar gari ba.

A cikin keke napep Sadiƙa ta yi ta jan hirar sama a wayar. Kowace Juma'a Yakura ta gaisar, ta tambayi ciwon gwiwar goggo, sau biyu ta ce jikin Ba'ana ya tsananta, a sa shi a addu'a. Kowanne an amsa mata da fara'a da talla.

"Goggo, zan gyara dokar yau."

Ya Falmata na kallon titi. "Gyara," ta ce.