Bindigar Wendell Tana Buƙatar Wanki

A shagona na gyaran bindiga, wanki iri biyu ne. Akwai na mai da tsumma, wanda ake gamawa kafin kofi ya huce. Akwai kuma wanda na gada wurin mahaifina: in mutum ya ji kansa ba daidai ba, sai ya kawo bindigarsa ya ce a wanke, ya rubuta sunan wanda ya yarda da shi a 'yar takarda. Ba za ta fita daga akwatin ƙarfe ba sai sun zo tare. Kowa a ƙauyenmu na arewacin Michigan ya san da wannan al'ada, amma ba wanda ya san bindigar wa ke ciki, don ni Marlene ba a jin zancen mutane a bakina.

Shi ya sa raina yake ɓaci duk sanda aka tayar da maganar Arvid Lahti. Tsohon soja ne, duk Alhamis yana zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Da an ji a labarai wani ya buɗe wuta a wata makaranta, sai idanu su koma kansa. In ya shiga kanti, mata su jawo 'ya'yansu jiki. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Wendell Kangas, shugaban leburori a kamfanin takarda, dattijon coci, mai cewa a ƙwace bindigogin mahaukacin nan tun ba a yi kuka ba. Alhali shekara biyu ke nan bindigogin Arvid suna akwatina, da ƙafarsa ya kawo su. Sai dai in ji in haɗiye.

Gab da buɗe farautar barewa, kamfani ya sallami Wendell bayan shekara talatin da ɗaya. Ranar Laraba da hantsi ya zo karɓar bindigarsa da ya kawo gyaran kunama. Ya yi aski, ya sa rigarsa ta zuwa coci, sai fara'a yake yi. Fara'ar nan ce ban so ba. Wanda aka kora zagi ya kamata ya yi, shi kuwa ko sunan kamfanin bai ambata ba. Ya nemi harsashi kwali shida, mutumin da bai taɓa harbin barewa sau biyu ba. Na tambaye shi ina karensa, ya ce ya ba ƙanwarsa kyauta. Sannan kamar da wasa ya tambayi ko ƙanena yana aikin safe a kamfanin ranar Juma'a, ya ce gara ya ɗauki hutu, gari zai yi daɗin farauta.

Na ce wa kaina ƙila zargi ne kawai irin na tsohuwa, amma ruwa ba ya tsami banza. Ga bindigar jingine a bayana, tun jiya na gama da ita.

Na ce, "Ba ta kammalu ba, Wendell. Tana buƙatar wanki."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Marlene, dube ni da kyau. Ni za ki yi wa wankin mahaukata? Ni fa na ɗauki gawar ubanki."

"Kai ka ɗauka, ban manta ba. Ta ƙanena ce ba na so a ɗauka."

Ya buga tebur ya ce kayansa ne, ba ni da ikon riƙewa. Gaskiyarsa, ba ni da shi. Na tura masa waya na ce ya kira 'yan sanda, in sun zo in ba su labarin kare da na Juma'a. Ya ture wayar gefe. Can ya jawo takarda ya yi rubutu, ya ninke, ya fita ba sallama. Da na buɗe, sunan Arvid Lahti na gani.

Hankalina bai kwanta ba. Wendell da ba ya sakin gardama ko a kan yanayin gari, shi ne zai saki bindiga cikin sauƙi haka? Sai na tuna akwai wata, ta mahaifinsa, ni na sauya mata ƙota shekarun baya. Na kira Arvid na faɗa masa komai, na ce awa ɗaya na ba shi, in ban gan shi ba 'yan sanda zan kira.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Sunana ya rubuta? To, bari mahaukaci ya je ya gani."

Saura minti goma awar ta cika, motar Arvid ta tsaya a ƙofar shago. Ya shigo da bindigar naɗe cikin bargo, bakinta ya leƙo waje, ya ajiye ya ce wannan ma a wanke. Ya ce a ɗakin girki ya samu Wendell, bindiga a cinya, sai kawai ya zauna kusa da shi har Wendell ya fashe da kuka. Yanzu Wendell yana cikin mota, gobe Alhamis tare za su je wurin likita.

Ban gama kulle akwati ba na ji jiniya. Ashe mutum uku sun buga wa 'yan sanda waya, sun ga mahaukacin nan ya fito daga gidan Wendell da bindiga. Ina magana ba mai saurarona, 'yan sandan suka kwantar da Arvid rub da ciki a kan dakalin shagona, suka sa masa ankwa. Ɗaya daga cikinsu ya je wajen motar, ya leƙa ta taga, ya dafa kafaɗar Wendell.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Mista Kangas. Mun kama shi."