Ranar da Baba Rufa'i ya tashi gabas

Uban Baba Rufa'i ya taso daga Katsina da ƙafa zai je Makka, guzuri ya yanke masa a Njamena tun ana ce mata Fort-Lamy. Har ya mutu yana cewa gobe za a tashi. Ɗan ya gaji maganar, ta zame masa jiki. Kullum bayan asuba sai ya naɗe tabarma, ya ɗaure ta da buta da takalmi, ya jingine bakin ƙofa. Bai yarda a sa siminti a gidan ba, ko itace ba a shukawa. "Mu wucewa muke yi," in ji shi. Amma har ya tsufa bai taɓa kwana a wajen gidan nan ba.

Da kuɗin fetur suka shigo gari, filin tsakiyar birni ya yi daraja, wani ɗan kasuwa ya ƙyalla ido ga gidan. Zulkiflu, babban ɗan tsohon, dillalin shanu ne a unguwar Farcha. Ya lallashi uban a sayar da gidan, ya yi masa faɗa, a banza. Tsoho ya ce ba zai fita ba sai in gabas za a yi.

To, unguwar Atrone, can bakin gari, ai gabas take.

Wata Asabar Zulkiflu ya zo da taksi, ya durƙusa.

"Baba, Allah ya yi. Tafiya ta tashi."

Tsoho bai tambayi komai ba, ya ɗauki ɗaurinsa. Maƙwabta suka fito. Sun san sarai an sayar da gidan, amma ba wanda ya tona. Muntaka mai shayi har da ɗaga murya:

"Baba, in kun isa a sa mu a addu'a! A taho mana da dabino!"

Tsoho yana kuka yana ce musu su yafe masa.

A Atrone aka sauke shi, a wani ɗaki mai rufin kwano da ko ƙyaure ba a sa ba.

"Zango ne, Baba. Motar Abeche mai zuwa gabas za ta biyo ta nan, ku jira."

Ya jira. Matar Zulkiflu na aiko da tuwo. Duk motar da ta tayar da ƙura sai ya miƙe da kayansa. Damina ta faɗi, hanya ta zama taɓo, ko amalanke ba ya shigowa. Ran nan ya tambayi wata maƙwabciya yaushe motar Abeche ke wucewa. Ta ce, "Ta nan? Baba, wa ya gaya maka?"

Da safe ya kama hanyar gari da ƙafa. Sai bayan azahar ya isa layinsu. Babu gidan. An tashi bulo har kafaɗa, magina suna kwaɓa siminti daidai inda ɗakin ubansa yake.

Muntaka ne ya fara hango shi.

"Kai jama'a, Alhaji ya dawo! Alhaji, da wuri haka? Ina tsaraba?"

'Yan teburin shayi suka kwashe da dariya. Tsoho ya tsaya yana duban bulon, taɓo har gwiwa. Ya miƙa hannu zai taɓa bangon.

Babban maginin bai san shi ba. Ya daka masa tsawa da Larabci, sannan ya ce wa Muntaka:

"Gaya wa tsohon nan ya matsa, ginin bai bushe ba."